Darasi na Tara: Ƙwayoyin Bakteriya da Gigin Tsufa

Da wuya a sami zuri'ar da ba ta taɓa jinyar tsoho ko tsohuwar da tunaninta ya soma kwancewa ba. Abin da kaɗan-kaɗan yake farawa. Yau ta manta inda ta ajiye carbi, gobe ta tambaya ko an yi la'asar har sau uku a zama ɗaya, wata rana ta leƙa maƙwabta ta kasa gane hanyar gida. Can gaba sai ta dubi ɗan cikinta ta kira shi da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Mukan ce gigin tsufa ne, mu ci gaba da hidima da haƙuri. To amma tsufa shi kaɗai ba ya yin haka. Ga masu shekara casa'in nan da hankalinsu garau, suna ba da tarihin unguwa ba tuntuɓe. Abin da ya sami wannan baiwar Allah cuta ce da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan lalura, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Lalurar iri-iri ce, amma wadda ta fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ita ce cutar Alzheimer. Har yau babu maganin da ke warkar da ita. A 'yan shekarun nan wata magana ta tayar da ƙura a tsakanin masana: wai ƙwayoyin bakteriya na shiga ƙwaƙwalwa, kuma mai yiwuwa da hannunsu a ciki. Akwai abin da ya tabbata a wannan magana, akwai wanda ake kan bincike, akwai kuma wanda aka yayata tun bai nuna ba. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu koyi rarrabewa.

Bakteriya halittu ne masu rai, kowanne ƙwaya ɗaya tal, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In aka jera dubu daga cikinsu, tsawon bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Ba dukansu ke kawo cuta ba. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne ke sa kalwa ta zama daddawa. A jikin baligi ɗaya akwai kimanin tiriliyan 38, akasarinsu a babban hanji, suna taya mu narka abinci. Kada a haɗa su da bairas, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa shi.

Abin da Alzheimer ya gani

A watan Nuwamba na 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Likitan da ya zauna da ita, Alois Alzheimer, ya rubuta hirarsu. Ya tambaye ta sunanta, ta ce Auguste. Ya tambayi sunan mijinta, ta sake cewa Auguste. Ya ba ta abin rubutu ta rubuta sunanta, ta soma, ta tsaya a tsakiya, sauran ya ɓace mata, ta ce masa ji take ta ɓatar da kanta. Da ta rasu a 1906, sai ya yanka ƙwaƙwalwarta siriri-siriri, ya rina, ya duba a madubi. Abu biyu ya gani: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka cukuikuye a cikin ƙwayoyin kansu. Sai a 1984 aka gano cewa dunƙulen wani furotin ne mai danƙo da ake kira amiloid. Zaren kuma wani furotin ne dabam, sunansa tau.

Daga farkon shekarun 1990 akasarin masana suka tsaya a kan cewa amiloid ne tushen cutar, datti ne da ƙwaƙwalwa ke tarawa, in an kwashe shi an gama. An zuba kuɗi masu ɗimbin yawa a wannan hanya, magunguna da dama suka faɗi a gwaji. Wanda ya tsallake, irin lekanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, yana kwashe amiloid ɗin ƙwarai, amma iyakarsa ya rage saurin cutar da kimanin kashi 27 cikin 100 a wata 18. Ba ya tsayar da ita. Nan ne wasu suka ce to a koma tushe, me ke sa ƙwaƙwalwa tara amiloid tun farko?

Shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa

Shekara da shekaru ana koya wa ɗaliban likitanci cewa lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba ta da ko ƙwayar bakteriya ɗaya, kuma akwai dalili. A 1885 Paul Ehrlich, wani masani Bajamushe, ya yi wa dabbobi allurar rini a jini. Da ya feɗe su sai ya tarar hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi sun rine, ƙwaƙwalwa da laka kuwa fes. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wannan karon ƙwaƙwalwar ce ta rine, sauran jiki bai rine ba. Ashe akwai shinge. Bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a manne yake gam, ba shi da 'yan kafofin da ake samu a jijiyoyin sauran jiki. Iska da suga suna wucewa, amma yawancin guba da ƙwayoyin cuta, har da magunguna da yawa, a nan suke tsayawa.

Shingen dai ba ya hana komai da komai, kuma mu mazauna yankin Sahel mun fi kowa sanin haka, domin muna cikin zirin ƙasashen sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha. Ƙwayar sanƙarau tana iya zama a maƙogwaron mutum lafiya lau ba tare da ta cuce shi ba. In hunturu da bazara suka zo, iska ta bushe, ƙura ta kakkarce fatar cikin hanci, sai ta sami hanyar shiga jini, daga nan ta keta zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. A annobar 1996 sama da mutum 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu, kuma a Nijeriya kaɗai waɗanda suka rasu sun haura 11,000. Cikin biyar da suka tashi daga sanƙarau na bakteriya, ɗaya yakan rage da tabo, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin tunani.

Sai dai sanƙarau farmaki ne na kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi da sandarewar wuya. Tambayarmu dabam ce. Ko akwai ƙwayar da za ta shiga a ɓoye, ta zauna shekara ashirin tana ɓarna ba zazzaɓi ba ciwon kai, har mutum ya wayi gari bai san 'ya'yansa ba?

Akwai, kuma an tabbatar

A ƙarni na 19 da farkon na 20, asibitocin masu taɓin hankali a Turai da Amurka cike suke da wasu majinyata, galibi maza masu matsakaicin shekaru. Mutum mai natsuwa sai halinsa ya sauya, ya riƙa mantuwa, ya soma da'awar shi sarki ne ko attajirin duniya, harshensa ya yi nauyi, jiki ya shanye, cikin 'yan shekaru ya rasu. Likitoci sun daɗe suna zargin tunjere, wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, amma babu hujja, domin tsakanin gyambon farko da ruɗewar yakan kai shekara goma zuwa talatin. A 1913 wani masani ɗan Japan mai aiki a Cibiyar Rockefeller ta Amurka, Hideyo Noguchi, tare da abokin aikinsa J. W. Moore, suka duba ƙwaƙwalwar irin waɗannan mamata 70. A cikin 12 suka ga ƙwayar tunjere ƙuru-ƙuru, siririya mai murɗe-murɗe, kwance a cikin naman ƙwaƙwalwa. Noguchi ɗin nan a Akra ya rasu a 1928, zazzaɓin shawara da ya je bincike a kansa ne ya kama shi, kuma babbar cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Gana da ke Legon sunansa take ɗauke da shi.

Ganin ƙwayar bai rufe magana ba. Abin da ya rufe ta shi ne fenisilin. Daga 1943 aka soma yi wa masu tunjere magani da shi, kuma cikin shekaru kaɗan wannan nau'in ruɗewa ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashen da maganin ya wadata. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ma'aunin da za mu auna sauran da shi: an ga ƙwayar, an san ta riga cutar zuwa, da aka kashe ta kuma cutar ta kau.

Haka aka yi da gyambon ciki. Da can damuwa da yaji ake ɗora wa laifi, ana cewa babu bakteriyar da za ta rayu a tsamin ciki. Likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna akwai ta. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa, cikinsa ya kumbura. Da aka ga maganin kashe ta yana warkar da gyambon ba ya dawowa, sai duniya ta sallama, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Saboda waɗannan labarai biyu, mai hankali ba ya yi wa maganar bakteriya da Alzheimer dariya.

Waɗanda ake zargi yanzu

A 1998 Brian Balin da abokan aikinsa a Filadelfiya ta Amurka suka nemi wata bakteriya mai kawo ciwon huhu, Chlamydia pneumoniae, a ƙwaƙwalwar mamata. Suka sami alamarta a 17 cikin 19 na masu Alzheimer, a 1 kacal cikin 19 na waɗanda ba su da ita. Sakamako ne mai ɗaukar ido. Amma wasu ɗakunan bincike da suka maimaita aikin ba su ga komai ba, wasu kuma suka gani. A 2022 masana a Jami'ar Griffith ta Ostireliya suka ɗiga wa ɓeraye ƙwayar a hanci, cikin kwana uku ta bi jijiyar jin ƙamshi ta isa ƙwaƙwalwa ba tare da ta bi ta jini ba, daga baya aka ga amiloid yana taruwa. A ɓera ke nan. Ba a nuna hakan a mutum ba.

Wadda ta fi yin suna tana cikin bakinmu. Duk wanda ya taɓa cire aswaki ya ga jini a jikinsa, ko ya lura dasashinsa ya yi ja ya kumbura, yana ja da baya har haƙori ya yi tsawo yana girgiɗi, baki na wari ko an wanke, to ya san ciwon dasashi. Fiye da mutum biliyan ɗaya ke da mai tsananinsa a duniya. Ɗaya daga manyan masu haddasa shi ita ce Porphyromonas gingivalis. Tana zama a aljihun da ke buɗewa tsakanin haƙori da dasashi, inda iska ba ta kaiwa, tana fitar da wasu sinadarai masu yayyanka nama don ta ci. Dasashi mai jini buɗaɗɗiyar hanya ce, ko tauna abinci ma na iya tura ƙwayoyi cikin jini.

A Janairun 2019 mujallar Science Advances ta buga binciken da ya sami waɗannan sinadarai nata a fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwaƙwalen masu Alzheimer da aka duba. An kuma shafa wa ɓeraye ƙwayar a baki, ta isa ƙwaƙwalwarsu, amiloid ya ƙaru. Jaridu suka ɗauka ko'ina. Abin da bai kamata a manta ba shi ne jagororin binciken na kamfanin Cortexyme ne, wanda a lokacin yake haɗa maganin toshe waɗannan sinadarai. Wannan ba ya nufin ƙarya suka yi, amma yana nufin a jira gwaji. Aka yi gwajin da majinyata 643 na tsawon mako 48, wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda ya san wacce aka ba shi. A Oktoban 2021 sakamako ya fito: in an haɗa kowa da kowa, babu bambanci a tunani ko a iya hidimar kai, ga shi maganin yana taɓa hantar wasu. Kamfanin ya ce waɗanda aka sami ƙwayar a yawunsu sun ɗan nuna alamar sauƙi. Irin wannan alama da aka tsamo daga wani ɓangare na majinyata dalili ce ta sake gwaji, ba ta kai hujja ba.

Akwai magana ta biyu da ta fi wannan girma, wato wai ko lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana da bakteriyarta na zaune, kamar yadda hanji yake da su. A Nuwamban 2018, a babban taron masana ƙwaƙwalwa a San Diego, Rosalinda Roberts ta Jami'ar Alabama da ke Birmingham ta nuna hotunan da aka ɗauka da madubi mai ƙarfi daga ƙwaƙwalen mamata 34. A kowacce an ga wasu abubuwa masu siffar bakteriya, sun fi taruwa kusa da jijiyoyin jini, babu kuma alamar kumburi a kewayensu. Ita da kanta ta ce sai an kawar da yiwuwar gurɓata kafin a yanke hukunci. A 2024 Irene Salinas da tawagarta a Jami'ar New Mexico suka fitar da bakteriya masu rai daga ƙwaƙwalwar kifaye dangin salmon masu ƙoshin lafiya, da tsantseni mai yawa, har suka raine su a ɗakin bincike. Wannan aiki ne mai ƙarfi, amma a kan kifi. A ɗan Adam mai lafiya har yanzu ba a kawo hujja irin wannan ba.

Me ya sa masana da yawa ba su gamsu ba

Na farko, gurɓata. Yawancin waɗannan bincike ba ƙwaya mai rai suke kamawa ba, ɓurɓushin sinadarin gadonta suke nema, wanda masana ke kira DNA, da na'urar da ke ninka ɗan mitsitsi sau miliyoyi har ya ganu. Na'ura mai irin wannan ji ba ta san inda ɓurɓushin ya fito ba. Yana iya fitowa daga wuƙar fiɗa, ko safar hannu, ko numfashin ma'aikaci. A 2014 masana a Birtaniya suka nuna cewa hatta ruwan sinadaran da kamfanoni ke sayarwa don wannan aiki yana ɗauke da ɓurɓushin bakteriya. In kashi ake aunawa, wannan ba ya damun kowa, don ƙwayoyin ciki sun rinjaye shi. Amma in naman da ake aunawa kusan ba komai a cikinsa, to dattin kwalba ne zai fito a matsayin sakamako. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yakan jera kwalabe na ruwa zalla kusa da na naman, ya bi da su ta kowane mataki, duk abin da ya fito a ruwan zalla ya soke shi daga lissafi. An taɓa faɗawa wannan rami. A 2014 aka ba da sanarwar cewa mabiyiya tana da bakteriyarta na zaune. A 2019 masana a Kambirij suka duba mabiyiyar mata 537 da irin wannan tsantseni, sai ga shi kusan duk abin da aka gani daga kayan aiki ya fito, ko daga hanyar haihuwa.

Na biyu, ƙwaƙwalwar mamaci ake dubawa. Da rai ya fita shingen ya soma lalacewa, bakteriyar hanji kuma su bazu. Ga shi da yawan masu gigin tsufa ciwon huhu ne ajalinsu, jininsu ɗauke da ƙwayoyi a kwanakin ƙarshe.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma zai yi muku amfani a kowane labarin lafiya da za ku ji a rediyo. Wanda ya tarar da ungulu a kan mushe bai isa ya ce ita ta kashe dabbar ba. An san cewa shingen ƙwaƙwalwa yana rauni da tsufa, yana ƙara rauni a cutar Alzheimer. To mai yiwuwa cutar ce ta fara zuwa, ta buɗe hanya, ƙwayoyi suka biyo baya. Haka batun dasashi. Gaskiya ne masu ciwon dasashi sun fi kamuwa da gigin tsufa a ƙididdiga, amma wanda tunaninsa ya soma kwancewa yana daina kula da bakinsa shekaru kafin iyalinsa su lura. Shan taba da ciwon suga da talauci kuma kowannensu yana ɓata dasashi yana kuma cutar da ƙwaƙwalwa, ta yadda za a ga cututtukan biyu tare ko da ɗaya ba ta haifi ɗaya ba.

Sai ma'aunin fenisilin. A Kanada an ba masu Alzheimer 406 magungunan kashe bakteriya iri biyu, doksisaikilin da rifamfisin, ko ƙwayar da ba komai, har wata 12. Sakamakon da aka buga a 2013 bai nuna wani amfani ba. Masu goyon bayan ra'ayin suna cewa an makara ne, ɓarnar ta riga ta auku shekaru kafin a ba da maganin. Zancensu na iya zama gaskiya, amma nauyin kawo hujja yana wuyansu.

Wata fahimta da ta haɗa ɓangarorin biyu

A ganina, abin da ya fi daraja da wannan muhawara ta haifar shi ne sabon kallon da aka yi wa amiloid. Robert Moir da Rudolph Tanzi, masana a Jami'ar Harvard, sun lura cewa ya yi kama da wasu ƙananan furotin da garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyi da su. A 2010 suka nuna a kwalba cewa yana hana ƙwayoyin cuta iri takwas yaɗuwa. A 2016 suka yi wa ɓeraye allurar bakteriyar Salmonella a ƙwaƙwalwa. Ɓerayen da aka shirya su suna yin amiloid irin na mutum sun fi sauran daɗewa da rai. Da aka duba, cikin awa 48 dunƙulen amiloid sun bayyana, ƙwayar bakteriya a ƙulle a tsakiyarsu.

In haka abin yake a mutum, to dunƙulen da Alzheimer ya gani ba datti ne kawai ba, kariya ce da ta wuce gona da iri. Ƙwaya ta leƙo, amiloid ya kama ta ya kashe, amma dunƙulen ya rage. In aka yi ta maimaita haka shekara da shekaru, ga kumburi yana biyo baya, ga tsufa ya rage ƙarfin sharewa, sai kariyar ta zama cuta. Wannan zai bayyana abin da ya sa kowane mai bincike ke kama ƙwaya dabam, domin ba sai iri ɗaya ba. Zai kuma bayyana abin da ya sa ba a samun ƙwayar a ƙarshe, tunda ta daɗe da mutuwa.

Hujja mafi ƙarfi zuwa yanzu daga ɓangaren bairas ta zo. Bairas ɗin ƙarambau yakan kwanta a jijiya tun yarinta, ya farka da tsufa ya fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. A 2013 yankin Wales na Birtaniya ya soma yi wa tsofaffi rigakafinsa, da ƙa'idar cewa wanda aka haifa kafin 2 ga Satumba 1933 ba ya ciki. Ke nan tsofaffi biyu da mako ɗaya ya raba haihuwarsu, ɗaya ya cancanta, ɗaya bai cancanta ba, ba don wani ya fi wani kuɗi ko ilimi ko kula da kai ba. Masana daga Jami'ar Stanford suka bi bayanan mutum sama da 280,000, suka buga a 2025 cewa rigakafin ya rage kamuwa da gigin tsufa da kimanin kashi 20 cikin 100 a shekara bakwai.

Cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sandarewar jiki, ita ma an shigo da ita wannan magana, amma ta wata ƙofa. Masu ita sukan yi fama da taurin bayan gida da rashin jin ƙamshi shekaru kafin karkarwa. A 2003 Heiko Braak na Jamus ya kawo ra'ayin cewa ɓarnar tana iya farawa daga hanji ko hanci ta hau ta jijiya. A 2016 a Kalifoniya aka ga ɓerayen da aka raina ba bakteriya a hanjinsu sun fi sauƙin alamun cutar. A nan ba sai ƙwayar ta shiga ƙwaƙwalwa ba, daga hanji take aiko da tasirinta.

Abin da ya rage namu

Inda aka kwana ke nan: bakteriya na iya shiga ƙwaƙwalwa su kawo ruɗewa, tunjere ya tabbatar. Cewa suna cikin abubuwan da ke tunzura Alzheimer a wasu mutane zato ne mai tushe da ake kan gwadawa. Cewa su ne musabbabinta, ko cewa kowace lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana da nata, ba a tabbatar ba. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kafso ko jiƙo ya ce yana wanke ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuɗinku yake so. Kada kuma a je kemis a sayo wa tsoho maganin kashe bakteriya don mantuwa. Ba zai amfane shi ba, zai kashe masu amfani na hanjinsa, ya kuma koya wa masu cutarwa jure magani.

Amma akwai ruɗewar da ƙwayoyin cuta ke kawowa wadda ake warkewa, kuma rashin saninta yana jawo asarar rai. Gigin tsufa wata da watanni yake ɗauka yana shigowa. In tsoho yana lafiya jiya, yau ya tashi yana sambatu, bai san inda yake ba, yana barci da rana yana fama da dare, wannan wani abu ne dabam. Sau da yawa ciwon huhu ne, ko ciwon mafitsara, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma tsofaffi ba kullum jikinsu ke zafi ba. A kai shi asibiti a ranar. Ko mai mantuwar da ta daɗe ma ya cancanci a auna jininsa, domin tunjere da cutar ƙanjamau da ƙarancin bitamin B12 duk suna iya zuwa da kamannin gigin tsufa, kuma duk suna da magani. Ina roƙonku da babbar murya, tsohuwar da ke yawo da dare tana maganganun da ba kai, mara lafiya ce. Ba mayya ba ce. Kada a bari yara su yi mata ature, kada a ɗaure ta.

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, bugun kai, gurɓatacciyar iska, zaman kaɗaici, da ƙarancin ilimi. Ƙwayoyin cuta ba su shiga jerin ba tukuna, don hujjarsu ba ta kai ba. Auna hawan jini da sa hular kwano a kan babur sun fi kowane sabon labari tabbas. Rigakafin sanƙarau ma yana nan: wanda aka soma a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ya karya lagon nau'in da ya yi ɓarnar 1996, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabon da ke kare nau'i biyar.

Baki kuwa, ko bincike ya wanke Porphyromonas gobe, kula da shi riba ce, don haƙoran da za ku ci tuwo da su a shekara saba'in su ne waɗannan. A wanke safe da dare, da buroshi da makilin ko da aswaki, a bi gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, ciki da waje, ba gaba kaɗai ba. Dattin da ya riga ya daskare aswaki ba ya cire shi, sai an kankare a asibitin haƙori. Mai jinyar tsoho kuma ya sa wanke masa baki cikin hidimar yau da kullum, kamar wanka da abinci.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suka tabbatar da cewa tunjere na kawo ruɗewa? Wanne daga cikinsu ne har yanzu babu shi a batun Alzheimer?
2. An sami bakteriya a ƙwaƙwalwar wanda ya rasu da gigin tsufa. Ku kawo dalilai biyu da za su iya sa hakan ba tare da ita ce ta kawo cutar ba.
3. Ta yaya za ku bambanta gigin tsufa da ruɗewar da ke bukatar asibiti a ranar?

Kafin darasi na gaba, kowa ya riƙa duba aswakinsa ko buroshinsa bayan ya gama. Wanda ya ga jini mako guda a jere, ya nemi likitan haƙori.